Masu cin moriyar Tiga su sa hannu a kuɗin cire kacalla

Duk wanda ya bi ta Kura zuwa Kadawa da rani ya ga albarkar dam ɗin Tiga: shinkafa kore shar, kwandunan tumatir jere a bakin titi. Tun da aka kammala shi a 1974, zamanin Audu Bako, aka kuma ƙara da na Challawa a Ƙaraye a 1992, Kano ke sha tana noma. Babu mai baƙin ciki da wannan.

Sai dai kogi bai san iyakar jiha ba. A da, kogin Haɗeja kan cika da damina ya malale fadamu, da rani ya janye. Yanzu da ake sakin ruwan Tiga da Challawa cikinsa kusan duk shekara, kacalla, doguwar ciyawar ruwa, ta samu wurin zama. Ta toshe hanyoyin ruwa, yashi ya taru, ruwan ya karkata cikin gonaki da gidaje a Guri da Nguru, alhali wajen Gashuwa ana neman sa ido rufe. Masunci ya rasa inda zai tura kwalekwalensa. Tsuntsun jan-baki kuwa, cikin kacallar yake kwana, da asuba ya faɗa wa shinkafar talaka. Har manomin tattasai a Diffa ta Nijar, tsallaken kogin Komadugu, abin na shafar sa.

An taɓa kama hanya. A 2006 gwamnonin Kano, Jigawa, Yobe, Borno, Bauchi da Filato sun amince da kafa asusun haɗin gwiwa na kula da kogin, ofishinsa a Damaturu. Tunanin daidai ne. Amma a ganina bai kamata karo-karon ya zama kai da kai ba. Jihar da ta fi ɗibar ruwa ita ya dace ta fi zuba kuɗin yashe kogi da cire kacalla, kuma a kowace shekara, cikin kasafinta.

Haka batun buɗe ƙofofin dam. Hukumar kogunan Haɗeja da Jama'are, mai kula da su, ta tarayya ce, to ta zauna da jihohin shida a tsara ranakun sakin ruwa, a sanar a rediyo, manomi ya san lokacin da zai yi shuka.

Bauchi ta daɗe tana neman a kammala dam ɗin Kafin Zaki, Yobe da Borno na tsoron ya shanye Jama'are, kogin da ya rage musu. Kada a ƙara aza ko dutse ɗaya a can sai an rubuta rabon kowace jiha, na ruwa da na kuɗi, an sa hannu.