Kujera bakwai, mutum goma sha biyu

Shekara biyu ke nan da na sayi mota mai layin kujeru uku, Toyota Sienna ta hannu wadda aka shigo da ita daga Amurka, kuma ban daɗe ba na gane cewa a Damagaram duk wanda ya sayi babbar mota dangi da unguwa ya sayo wa, shi kuwa tuƙi ne rabonsa. Wannan bai dame ni ba, domin ni ma a bayan Peugeot 504 mai layi uku ta baffana na girma, kuma ban taɓa ganin an ƙidaya mu ba kafin a ɗauki hanyar Mirya ko Magarya. Abin da ya dame ni shi ne yadda ba ma lissafa yaro cikin masu buƙatar wurin zama. Idan aka ce mota tana ɗaukar mutum bakwai, manya bakwai muke ji, yara kuwa a rarraba su a cinya kamar ƙullin kaya.

Ranar da muka tashi zuwa sunan ɗan ƙanwata a Matamaye, kujerun yara biyu suna ɗaure a layin tsakiya, ɗaya ta autarmu mai wata goma, ɗaya ta yayanta mai shekara uku. Muna ƙofar gida a Birni sai ga gwaggona da maƙwabtanta biyu da jikoki. Ta leƙa cikin motar, ta ce: "Ɗana, cire wannan abin ka sa a baya, ni zan riƙe yarinyar, ai ga wuri ya samu." Na ce: "Gwaggo, tafiyar da nisa." Ta ce: "Ubanka ma a goye na kai shi Matamaye." Kunya ta hana ni musu, na cire kujerar. Kafin mu kai Takeita wani jaki mai jan amalanke ya faɗo kan kwalta, na taka birki da ƙarfi, kuma ban yi zaton gudun ya wuce kilomita 50 a awa ba. Yarinyar ta suɓuce daga hannun gwaggo, ta bugi bayan kujerata, leɓenta ya fashe. Har yau ina ganin jinin a kan farin mayafin gwaggo, tana salati, hannuwanta na rawa. Yayan, wanda ke ɗaure a tasa kujerar, ko farkawa daga barci bai yi ba.

Gwaggo ba ta yi sakaci ba, kuma ba ƙarfi ne ya gaza mata ba. Karo a gudun kilomita 50 a awa daidai yake da faɗowa daga tsayin mita 10, kuma babu hannun da zai riƙe yaro a wannan hali, ko da na ɗan kokawa ne. Mu birki kawai muka taka, ba mu yi karo da kome ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe yara da matasa masu shekara 5 zuwa 29, kuma duk wanda ya saba bin babbar hanyar da ta haɗa mu da Maraɗi da Yamai ya ga gawarwakin motoci a bakin titi da idonsa.

Ga masu shirin sayen irin wannan mota, akwai abubuwan da dillali ba zai faɗa ba, wataƙila ma bai san su ba. A cusa hannu tsakanin mazaunin kujera da majinginarta a laluba wasu ƙananan ƙarafa biyu, waɗanda Turawa ke kira ISOFIX, Amurkawa kuma LATCH, domin a jikinsu kujerar yaro take kamawa. Yawanci a layin tsakiya ake samun su, layin baya kuwa sau da yawa babu, ko kuma wuri ɗaya ne kawai. Saboda haka ni layin bayan na bar wa manyan yarana biyu, kowa a kan ƙaramin mazaunin da ke ƙara masa tsayi, don ɗamarar mota ta bi ta kafaɗarsa maimakon wuyansa. Jariri kuma baya ya kamata ya fuskanta, saboda kansa ya fi ƙarfin wuyansa. Ƙa'idar Turai ta ce har ya kai wata 15, kuma ba a sa irin wannan kujera a gaba matuƙar jakar iskar da ke kumbura idan an yi karo tana aiki. Wanda ya samu mai kujeru biyu rabe a tsakiya ya huta, domin yara za su wuce baya ta tsakaninsu. Wanda ya samu mai doguwar kujera zai riƙa kwance kujerar jariri kullum, kuma abin da ake kwancewa kullum wata rana a gida za a bar shi.

Sai kuma ranar Damagaram. A watan Afrilu, idan mota ta wuni a waje, ƙarfen maɓallin ɗamarar yana iya ƙona cinyar yaro, don haka matata take lulluɓe kujerun da farin zane. Kujerun da ake sayarwa na hannu kuwa a duba ranar da aka ƙera su, domin roba tana tsufa, kuma wadda ta taɓa shiga haɗari ta gama aiki ko da ido bai ga tsagewa ba. Maganar mai ba zan tsawaita ta ba. Injin babba ne, kuma kasancewar matatar mai ta SORAZ a kan hanyar Tanut tun 2011 bai rage masa ƙishirwa ba.

Na san za a ce wannan maganar masu hali ce, tunda yawancin yaran garin nan a kan kabu-kabu ake kai su makaranta. Gaskiya ne, kuma ba da su nake ba. Da mu nake, mu da muka iya biyan kuɗin mota da na kwastan, amma kuɗin kujerar yaro ya zama mana almubazzaranci. Masu cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa kuma, ai an umurci mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali. A ganina kuɗin ma ba shi ne mai wuya ba, mai wuyar shi ne ka dubi wadda ta goyi ubanka ka ce mata mota ta cika alhali tana ganin fili.

Yanzu haka nake yi. Idan biki cikin gari ne, sawu biyu nake yi. Idan na nesa ne, in biya wa waɗanda suka rage kuɗin mota a tasha. An ce na zama Nasara, wata ƙanwar matata ma ta yi wata guda ba ta taka gidanmu ba. Gwaggo kuwa har yanzu "gadon sarauta" take kiran kujerar autar, kuma a Sallar da ta wuce, da muka je ɗaukarta, ta zauna a gaba tana mita tun daga Birni har Zango.