Sunansa Remi Kabaka, ba "wani ɗan Afirka" ba

Na ga rubutun nan da kuke ta turo wa juna tun jiya a kan Ginger Baker's Air Force, ƙungiyar kiɗan da mai ganga ɗan Ingila Ginger Baker ya kafa, kuma wallahi bai yi min daɗi ba. Mutum goma ne suka hau dandamalin Royal Albert Hall a Landan ran 15 ga Janairu 1970. Mai rubutun ya zauna ya jero tara, kowa da sunansa da abin da yake kaɗawa ko yake busawa, har da inda ya fito. Da ya zo kan na goman sai ya ce "da wani ɗan Afirka mai ganga". To sannu da ƙoƙari, Malam masani. Tawada ce ta ƙare ko data?

Sunansa Remi Kabaka, ɗan Najeriya ne. Kuma ba ɓoye sunan aka yi ba, yana nan rubuce a jikin faifan da aka naɗa a wannan daren. Turawan da suka buga faifan sama da shekara hamsin da suka wuce ba su yar da sunansa ba, sai kai, a zamanin da waya ke hannun kowa.

Abin da ya fi ƙona min rai, rubutun ya yi ta kururuta waƙar "Aiko Biaye", wai a nan ne Baker ya nuna wa duniya yadda ake auren kiɗan Afirka da jazz da rock. Waƙar wa? Je ka duba. Sunan Remi Kabaka ne a kanta, shi da Teddy Osei, mutumin Gana da ya kafa ƙungiyar Osibisa. Ta haura minti goma ana zuba ganga, kuma ita ce abin da ya bambanta wannan faifan da sauran hayaniyar da ake yi a Ingila a lokacin. Cire ta ka gani. Abin da zai rage shi ne "Toad", wadda Baker ya ɗauko daga tsohuwar ƙungiyarsa Cream, da "Do What You Like", wadda ya ɗauko daga Blind Faith, ƙungiyar da ya shiga bayan Cream, wato tsofaffin kaya a sabon buhu, sai 'yan wasu. Sabon abin da aka zo da shi a wannan daren daga hannun wanda kuka ƙi kiran sunansa ya fito. Kura da shan bugu, gardi da amsar kuɗi.

Na san wani zai ce ai sauran taurari ne, shi kuwa ba a san shi ba. Ta ina za a san shi, alhali duk mai rubutu ya zo kansa sai ya yi tsalle? Ku bar wannan maganar.

Kuma taurarin nan da ake ta yi mana burga da su, kwana nawa suka yi? Cream ta watse a 1968. Blind Faith ta yi faifai ɗaya tak a 1969 ta mutu. Daga ɓurɓushinta Baker ya kwaso Steve Winwood da Ric Grech, ya ƙara da Chris Wood na ƙungiyar Traffic, da Denny Laine da ya baro Moody Blues, da Graham Bond tsohon ubangidansa, da Phil Seamen wanda ya ɗauka a matsayin malaminsa a ganga, da Harold McNair ɗan Jamaika mai sarewa, da mawaƙiya Jeanette Jacobs. Suka yi wasa a Birmingham, suka yi na Landan. Kafin a ce kwabo, Winwood da Wood sun tattara sun koma Traffic, a shekarar suka fitar da faifan John Barleycorn Must Die. Grech ma daga baya ya bi su. Da faifai na biyu, Air Force 2, ya fito a ƙarshen 1970, kusan wata ƙungiya ce daban, suna kawai ya rage. Farkon 1971 an rufe shago. Shekara ɗaya da 'yan watanni, shi ke nan.

To a wancan faifai na biyun ma, wa ke zaune kusa da Baker yana kaɗa ganga? Speedy Acquaye, ɗan Gana. Shi ma ina jin a wurin Malam masani "wani ɗan Afirka" ne. Ko su biyun ma ya ɗauka mutum ɗaya ne, wa ya sani.

Wani kuma a ƙasan rubutun har yana cewa gwamutsa kiɗan da bai dace da juna ba ne ya kashe ƙungiyar. Don Allah a daina. Mutum goma, kowa da bakin ci, kowa da kuɗin mota da na masauki, rabinsu kowa na ganin kansa sarki, ga shi har da masu fama da hodar da ta cinye makaɗan wancan zamani. Baker da kansa bai taɓa ɓoye nasa shaye-shayen ba, ya ma faɗa cewa a wurin Seamen ya fara jin faifan gangunan Afirka, kuma a irin wannan zaman ne ya faɗa harkar. McNair cutar daji ta huhu ta kashe shi a 1971. Seamen ya rasu a 1972. Bond jirgin ƙasa ya bi ta kansa a wata tasha a Landan a 1974. Wannan taron ko taken ƙasa kawai suke kaɗawa ba za su kai shekara biyu ba. Ganga ba ta yi laifin komai ba.

Ban zo zagin Ginger Baker ba, kar a juya min magana. Mutumin masifaffe ne, wanda ya je ɗaukar fim a kan rayuwarsa ma sai da ya sha sanda a hanci, amma a wannan batun ya fi masu yabonsa gaskiya. Ƙungiyar na watsewa ya hau mota ya keta Sahara daga Aljeriya har Najeriya a 1971. A shekarar aka naɗi faifansu da Fela Kuti da Africa 70, kuma sunan Fela ne a gaba. Ya gina situdiyo a Ikeja, Legas. Ya zauna kusa da Tony Allen, mai gangar Fela, bai ce ya zo koya masa ba. A 1978 ma sun yi karon ganga su biyu a Berlin. Shi ya san daga inda abin ya fito, ya bi shi har gida. Ku da ba ku taɓa keta ko kwata ba saboda kiɗa, ku ne za ku goge sunan mutum?

Kabaka kuwa bai tsaya jiran kowa ba. A 1973 sun fitar da faifan Aiye-Keta shi da Abdul Lasisi Amao da shi wannan Winwood ɗin. Ɗansa, Remi Kabaka ƙarami, yana cikin tafiyar Gorillaz, ƙungiyar da makaɗanta zanen katun ne, shi ne muryar mai gangarta. Yaranku na jin muryar ɗan, ku kuna kiran uban "wani".

Gaskiya abin ya taɓa ni ne saboda mu ma halinmu ke nan. Babu Bahaushen da bai san Mamman Shata ba, amma a tara mutum ɗari a ce su kawo sunan mutum biyu cikin masu yi masa kalangu, sai ka ji an yi tsit. Mai ganga yana baya, gumi nasa, kan yatsu nasa, hoto na wani. Idan Bature ya yi wa namu haka mu ji haushi, to amma mu ne muka yi ta tura rubutun nan muna sa alamar wuta a ƙasa, babu wanda ya tsaya ya ce wane ne na goman. Remi Kabaka. Rubuta shi bai kai daƙiƙa biyar ba.

Af, tunda an zo kan Legas: kun san a can ne Baker ya kamu da son folo? Situdiyon bai ɗore ba, amma dawakin sun bi shi har Amurka da Afirka ta Kudu, suna cin kuɗinsa har ya tsufa, ya rasu a 2019 yana da shekara 80. Ni dai da a lokacin wani ya ja shi gefe ya ce masa, Malam, in folo kake so da gaske ka hau mota ka tafi Katsina, ka ga gidan Dikko da Nagogo. Mutanen Katsina da Kaduna da ke nan, har yanzu ana cika fili kamar da, ko abin ya koma na masu hannu da shuni kawai?