Nasiha Ga Matasanmu Masu Neman Ilimin Gwajin Ƙwayoyin Halitta

Ya ku ƙannena masu karatun kimiyyar ɗakin gwaje-gwaje, abin da ya fi damuna game da ku shi ne gaggawa. Da yawa daga cikinku suna son bincike ya ba da sakamako cikin zango ɗaya, idan kuma gwaji ya ƙi fitowa sai zuciya ta karaya, ko a soma tunanin yi wa alƙaluma kwaskwarima domin su dace da abin da ake fata. Ina so ku dubi yadda Farfesa Dennis Lo, ɗan Hong Kong, ya gudanar da aikinsa, ku auna kanku da shi.

Lokacin da yake karatun likita a Oxford ta Ingila, hanyar da ake bi a duba lafiyar gadon ɗan tayi ita ce a soka allura ta cikin uwa har mahaifa a ɗebo ruwan da yake kwance a ciki, kuma wannan yana ɗauke da haɗarin ɓari, ko da kaɗan ne. Lo ya ƙuduri aniyar samun labarin ɗan tayi daga jinin hannun uwa kawai. A 1989 ya nuna cewa da dabarar PCR, wadda ke ninka ɗan guntun DNA, wato sinadarin da ke ɗauke da bayanan gado, har ya isa a gan shi, ana iya gano alamar ɗa namiji a jinin mai juna biyu. Sai dai ƙwayoyin ɗan tayi da ke ratsowa cikin jinin uwa ƙalilan ne ƙwarai, sakamakon bai tsaya da ƙafarsa yadda likita zai dogara da shi ba. Haka ya shafe kimanin shekara takwas yana farautar waɗannan ƙwayoyi.

Duk wanda ya taɓa ciro kwalbar jini daga injin juyawa ya san yadda take rabuwa: jajayen ƙwayoyi a ƙasa, siririn farin layi a tsakiya, sai ruwa mai launin rawaya a sama. Masu neman ƙwayoyin ɗan tayi hankalinsu yana kan abin da ya kwanta, ruwan saman kuwa ba a ɗauke shi a bakin komai ba. A 1996 aka wallafa bincike biyu da suka nuna cewa ciwon daji yana zubar da DNA ɗinsa cikin wannan ruwa. Lo ba ciwon daji yake bincike ba, amma ya karanta, ya kuma yi tunanin cewa idan ƙari yana yin haka, ɗan tayi da ke girma a cikin uwa ya fi cancantar ya bar sawunsa a wurin. Ya tafasa ɗan ɗigon ruwan jinin, ya gwada, a 1997 kuma ya bayyana sakamakon: cikin mata 30 masu ɗauke da ɗa namiji an ga alamar a ruwan jinin 24, ba a kuma gan ta ba a jinin ko ɗaya daga cikin mata 13 masu ɗauke da 'ya mace.

Ku lura da waɗannan mata 13, domin su ne suka ba binciken ƙima. Alamar da ake nema ta ɗa namiji ce, PCR kuwa ba ta tantance wanda ya kawo mata DNA, saboda haka ɗan ɓurɓushin fatar ma'aikaci namiji ko ragowar gwajin jiya a bakin bututu ya isa ya haifar da sakamakon ƙarya. Wanda bai saba da sauya safar hannu ba, bai saba da raba wurin haɗa sinadarai da wurin duba sakamako ba, bai kuma saba da sanya samfurin da ya san babu komai a cikinsa domin ya kama kuskurensa da kansa ba, ko an miƙa masa amsa a hannu ba zai iya tabbatar da ita ba. A ganina shekarun nan takwas ne suka horar da hannunsa da idonsa, don haka kuskure ne babba a ƙirga su cikin asara.

Bayan ya koma Jami'ar Sin ta Hong Kong a 1997, bai ruga kasuwa da abin da ya gano ba. Shi da abokan aikinsa, ciki har da Farfesa Rossa Chiu, sun ci gaba da auna yawan DNA ɗin, suka kuma nuna cewa yana ɓacewa daga jinin uwa jim kaɗan bayan haihuwa, wato cikin da ya gabata ba zai rikita gwajin sabon ciki ba. Sai a 2008 suka nuna yadda za a gano lalurar Down, wadda ake haifar yaro da ita kuma take jinkirta girmansa da fahimtarsa, ta hanyar ƙirga miliyoyin guntayen DNA, gwajin kuma bai shiga asibitoci ba sai 2011, shekara 14 bayan ganowar 1997. Ya kuma yi aiki kan ciwon daji, inda a 2017 suka bayyana gwajin maza fiye da 20,000 da aka nemi DNA na ƙwayar cutar Epstein-Barr a jininsu, aka gano mutum 34 masu ciwon dajin bayan hanci, akasarinsu tun cutar ba ta yi nisa ba.

Kada ku ce wannan zance ne na ƙasashen da ke da manyan injuna. A nan gida takardar jinotayif guda ɗaya tana ɗaura aure ko ta warware shi, kuma idan aka rubuta AA a inda ya kamata a rubuta AS saboda an haɗa kwalabe ko an yi amfani da sinadarin da ya lalace, yaron da za a haifa da sikila shi zai ɗauki nauyin wannan sakaci tsawon rayuwarsa. Ku rubuta suna a jikin kwalba a gaban mai jinin, kafin ya tashi daga kujera. Idan layin da ke nuna sakamakon gwajin bai fita sarai ba, ku sake gwajin ko da mai aure yana tsaye a bakin ƙofa yana roƙo, ku kuma ji tsoron Allah kada ku sauya sakamako saboda kunyar wani ko kuɗinsa. Haka nan ku riƙa bayyana wa mutane iyakar abin da gwaji ya faɗa, domin shi kansa gwajin da Lo ya samar na tantancewa ne, kuma idan ya nuna alamar matsala sai likita ya tabbatar da ita ta wani gwajin kafin a gaya wa iyaye cewa ga halin da ɗansu yake ciki.