Fadar Sarkin Aska

A unguwar Zango ta Damagaram akwai wata majalisar dattawa da ke zama a gindin bishiya kullum bayan la'asar. Ranar da abin nan ya faru, Mushe, wanda ya ajiye aikin koyarwa a lakwal amma bai ajiye halin koyarwa ba, ya fito da wani tsohon littafin Faransanci da ya saya a Kasuwar Dole, tare da kwali, almakashi, ma'auni, kaskon ƙaro da wani bik da tawadarsa ta ƙare. Malam yana zaune a kan buzunsa, Sarkin Aska yana wasa askarsa, Baƙauye kuma yana gefe yana cin ƙosai daga cikin wata takarda.

MUSHE: Jama'a, ku matso ku ga abin da na koya cikin kwana 3 daga wannan littafi, wanda aka rubuta domin masu fara koyon yadda ake sa takarda ta miƙe tsaye idan an buɗe ta, ta kuma kwanta idan an rufe.

(Ya buɗe wani ninkakken kwali, sai bakin tsuntsu ya wage a tsakiyarsa.)

BAƘAUYE: A'uzu billahi! Mushe, don girman Allah rufe shi. A garinmu, duk abin da ba shi da rai amma yake buɗe baki, ba a tsayawa tambayar sunansa.

MUSHE: Kwantar da hankalinka, babu aljani a ciki. Na ninka kwalin biyu, na yi masa tsaga ɗaya mai tsawon santimita 4 daga wajen ninkin, na lanƙwasa leɓɓan tsagar nan sama da ƙasa, sannan na tura su ciki. Ƙarfin da ke motsa bakin daga hannunka yake fitowa lokacin da kake buɗe shafin.

BAƘAUYE: To, ai ka ƙara tsorata ni, domin ka ce daga hannuna yake fitowa.

MALAM: Mushe, wannan aiki na Nasaran zamani ne, ko kuwa yana da asali? Ni ba na sa hannu a abin da ba shi da salsala.

MUSHE: Allah gafarta Malam, asalinsa ya girmi injin buga littattafai. Tun a ƙarni na 13 wani masani mai suna Ramon Llull, mutumin tsibirin Mayorka, yake ɗora faifan takarda a kan faifai, ana juya su domin haɗa kalmomi da ma'anoni. A Ingila ma, a wannan ƙarni na 13, wani mai suna Matthew Paris ya yi irin wannan faifai domin lissafin ranakun bukukuwan addininsu. Shi Llull ɗin har Larabci ya koya.

MALAM: Ya koyi Larabci? To, magana ta ƙare, daga wurinmu ya ɗauka. Miƙo mini kwali ɗaya.

SARKIN ASKA: Ni ban ji an ambaci masu aska ba a wannan tarihi.

MUSHE: Ga naka nan tafe. A shekarar 1543 wani likita mai suna Vesalius ya buga littafin sassan jikin mutum, tare da shafukan da ake yankewa a liƙa, mai karatu ya ɗaga wannan ya ga abin da ke ƙarƙashin wancan, har ya kai ga kayan ciki.

SARKIN ASKA: Wato ya yi wa takarda abin da kakannina suka daɗe suna yi wa mutane. Ashe sana'ar gidanmu ce, don haka ba ni da bukatar darasi na farko. Buɗe mini shafin ƙarshe.

MUSHE: Shafin ƙarshe gidan sarauta ne mai hawa 3, kuma marubucin ya yi gargaɗi cewa kada wanda bai iya darasi na 1 zuwa na 9 ba ya taɓa shi.

SARKIN ASKA: Marubucin bai san ni ba. Ni da na cire belun rabin yaran unguwar nan, takarda ce za ta gagare ni? Fadar Sarkin Damagaram zan gina, da zaurenta da zankwayenta da dogarai a ƙofa, har da igwa irin ta zamanin Tanimun, wadda za ta ɗaga kai idan an ja wani ɗan harshe.

MUSHE: Irin wannan harshen da ake ja, gwaninsa wani Bajamushe ne na birnin Munik mai suna Lothar Meggendorfer, a ƙarshen ƙarni na 19. Da harshe ɗaya yakan motsa hannu da baki da ido gaba ɗaya, ta hanyar wasu sandunan kwali da ya ɓoye a bayan hoton, ya haɗa su da 'yan ƙusoshin waya. Amma shekaru ya yi yana aikin.

SARKIN ASKA: Shi ba shi da aska irin tawa.

(A nan ya kamata a faɗi gaskiya: Mushe ya fi son a saurare shi fiye da a iya abin da yake koyarwa, shi ya sa bai yi dogon musu ba. Ya raba wa kowa kwali, ya gyara tabarau.)

MUSHE: Da farko, takardar da ake buga wasiƙa da ita, mai nauyin giram 80 a kowane murabba'in mita, ba ta da ƙashin baya, tana miƙewa sai ta sunkuya. Kwalin sabulu kuma ya yi kauri, yana karyewa a wurin ninki. Abin da ake so shi ne matsakaici, daga giram 160 zuwa 220. Na biyu, takarda tana da jijiya kamar itace. Ku lanƙwasa ta ta nan, ku sake lanƙwasa ta ta can, za ku ji ɓangare ɗaya ya fi laushi, to ta nan ninki ya fi yin kyau.

BAƘAUYE: Wannan kam na gane. Kamar karan dawa ne, wanda ake tsagawa a tsaye cikin sauƙi, amma a kwance sai an sha wuya.

MUSHE: Madalla. Na uku, kafin a ninka sai an ja layi da wannan mataccen bik a jikin ma'auni, a danne takardar ba tare da an yanke ta ba, domin ninkin ya bi hanyar da aka shata masa.

SARKIN ASKA: Mataccen bik, alhali ga aska a hannu? Ku duba ku gani.

(Ya ja askar sau ɗaya. Kwalin ya rabu gida biyu, haka ma tabarmar Mushe da ke ƙarƙashinsa.)

MALAM: Sarkin Aska, an ce ka yi masa jarfa, kai kuwa ka yi masa kaciya.

SARKIN ASKA: Kwalin ne ya motsa. Ko yaro idan ya motsa haka ake samu. A ba ni wani.

MUSHE: Darasi na 2 shi ne matakala. A yi tsaga biyu masu tsawo ɗaya daga wajen ninki, a tura tsakiyarsu ciki, sai ɗan dakali ya fito, wanda ake liƙa hoto a gabansa. Yana tsayawa ne idan an buɗe kwalin rabi, wato digiri 90. Amma akwai lissafi a nan: idan tsawon shafin santimita 15 ne, dakalin kuma ya fito da santimita 3, to hoton kada ya wuce santimita 12, in ba haka ba kansa zai leƙo waje idan an rufe.

MALAM: Wannan hisabi ne tsantsa. Ni na yanka raƙumi mai santimita 14, ga shi na rufe, kansa yana waje yana kallon Baƙauye.

MUSHE: Sai Malam ya rage masa wuya da santimita 2.

MALAM: Ban taɓa rage wa halitta abin da aka ba ta ba. Zan ce raƙumin Abzinawa ne ya leƙo ta katanga.

MUSHE: Darasi na 3 ya fi su daɗi, domin shi ne ke miƙewa idan an shimfiɗa shafin gaba ɗaya, digiri 180. Ana yanka hoto mai ninki a tsakiya da ƙafafu biyu na liƙawa, a sa ninkinsa ya haɗu da ninkin shafin daidai, ƙafafun kuma su buɗe kamar tsagin kibiya, misali digiri 45 ta dama da 45 ta hagu. Dole ne kusurwar da ke jikin hoton ta fi wadda ke jikin shafin faɗi. Idan sun zo ɗaya, hoton zai kwanta shame-shame, idan kuma ta jikin hoton ta fi ƙanƙanta, shafin ba zai buɗe duka ba sai ya yage.

BAƘAUYE: Wato kamar tankar rumfa ce, idan ba ta fi faɗin rumfar tsawo ba, ba za ta yi doro ba.

MUSHE: Kai, wannan misali ya fi na marubucin, amma kada ka riƙa katse ni. Yanzu sai maganar liƙi, wadda take a shafi na 13 da na 14.

(Ya juya, ya sake juyawa, ya lashi yatsa ya kuma juyawa.)

MUSHE: Ikon Allah. Littafin ya tashi daga shafi na 12 ya faɗa na 15. Dala 200 na biya, ashe an sayar mini da shi da giɓi.

SARKIN ASKA: Liƙi ma sai an karanta a littafi? Ƙaro ne, a zuba shi da yawa ya kama da kyau. Ginin sarauta ba a yi masa rowar kwaɓi.

(Daga nan majalisa ta yi tsit na kusan awa ɗaya, ba a jin komai sai ƙarar almakashi da tsakin Sarkin Aska. A gaskiya fadar da ya gina ta yi kyau a buɗe, da zankwaye 6 da dogarai 2 da wani abu da ya rantse igwa ce. Ya shafe ta da ƙaro ciki da waje har tana ƙyalli.)

SARKIN ASKA: To, Mushe, ina marubucin naka? A kira shi ya zo ya koyi darasi na 10.

MUSHE: Ta tsaya, ban musa ba. Amma a wannan sana'a tsayuwa rabin aiki ce, domin ko tukunya tana tsayawa. Rufe ta mu gani.

(Ya rufe. Zankwaye 3 suka leƙo ta sama, ƙafar dogari ɗaya ta fito ta gefe, ƙaro kuma ya tsattsafo ta ko'ina. Sarkin Aska ya zauna a kai domin ta kwanta.)

BAƘAUYE: Mushe, ni ma na gama nawa, sai dai ba fada ba ce, jakina ne.

(Ya buɗe, jaki ya miƙe tsaf da kunnuwansa. Ya rufe, jaki ya kwanta, ko gashi bai leƙo ba. Ya yi haka sau 5.)

MUSHE: Tsaya. Yaya aka yi ƙafafun suka zauna daidai haka, alhali ban koya maka liƙi ba?

BAƘAUYE: Na shafa ƙaro kaɗan a ƙafa ɗaya na liƙa ta, na kwantar da jakin a ninke, na shafa wa ɗaya ƙafar, sannan na rufe kwalin a kansa na danne. Da na buɗe, sai na tarar ƙafar ta nemi wurinta da kanta.

MUSHE: Wa ya gaya maka haka?

BAƘAUYE: Takardar ƙosaina. Ni ban iya karatun Nasara ba, amma akwai zane: ga hannu, ga ɗigo ɗaya ƙarami, ga kuma babban ɗigo an soke shi da jan layi.

(Mushe ya fizgi takardar, wadda mai ya jiƙa har ana ganin rana ta cikinta.)

MUSHE: Shafi na 13 da na 14! A ina ka samo wannan?

BAƘAUYE: A Kasuwar Dole, wurin matar da ke suya kusa da mai tsofaffin littattafai. An ce mijinta ne.

MUSHE: Kana ji ina neman shafin nan, me ya hana ka magana?

BAƘAUYE: Kai ka ce kada in riƙa katse ka. Kuma a lokacin ƙosan bai ƙare ba.

MALAM: Karanta mana, Mushe, mu ji abin da mai ya rage.

MUSHE: Ya ce a sa manne kaɗan, a kan ƙafar liƙawa kawai, domin mai ruwa-ruwa yana sa takarda ta kumbura ta karkace. Ya ce a fara gwadawa da farar takarda marar zane, a buɗe a rufe har a tabbata, kafin a taɓa kwali mai kyau. Ya kuma ce ko littattafan da ake sayarwa a kantuna da hannu ake harhaɗa su ɗaya bayan ɗaya, kuma haka ne, domin an yi shekaru ana wannan aiki a birnin Kali na Kwalambiya kafin yawancinsa ya koma Asiya. A ƙasan shafin kuma, da manyan baƙaƙe, ya ce kada a bar aiki a rufe idan manne ya tsattsafo, musamman a busasshiyar iska.

MALAM: Busasshiyar iska kuwa, ga mu a tsakiyar hunturu. Sarkin Aska, minti nawa ka yi a zaune a kan fadar nan?

(Sarkin Aska ya tashi, fadar ta biyo rigarsa, sai da Malam ya ɓamɓare ta. Ya sa farce, ta ƙi buɗewa. Ya sa aska, Mushe ya janye sauran tabarmarsa. Kwalin ya zama falle ɗaya, tauri kamar allo.)

MUSHE: To, gwanin darasi na 10, a buɗe mana mu ga igwa.

SARKIN ASKA: Ku mutanen nan ba ku san al'adar fada ba. Magariba ta gabato, Sarki ya shiga gida, an rufe ƙofa. Mai son gaisuwa ya dawo gobe da hantsi.

BAƘAUYE: Idan ba za a buɗe ta yau ba, ranka ya daɗe, a ara mini ita in fifita wutar shayi, gawayin yana neman mutuwa.

SARKIN ASKA: Ɗauki, amma ka fifita a hankali. Akwai dogarai a ciki.