Mu yi wa Viollet-le-Duc adalci

Akwai zargin da aka daɗe ana yi wa Eugène Viollet-le-Duc, fitaccen mai zanen gini na Faransa: wai ba gyara yake yi ba, ƙirƙira yake yi, sai ya ɗora wa tsohon gini abin da ke ransa ya ce haka magabata suka so. Ni dai ina ganin an rage masa haƙƙi.

An haife shi a Faris a 1814. Ya ƙi shiga babbar makarantar zane ta ƙasar, ya gwammace ya bi gari-gari da fensiri yana zana tsofaffin coci-coci, har ya san aikin kowane dutse. A 1840, yana da shekara 26, aka damƙa masa cocin Vézelay, wanda ake tsoron zai rufta. Ya tallafe shi, yana nan tsaye har gobe.

Ku dubi halin da ya tarar da Notre-Dame, babban cocin Faris. Masu juyin juya halin Faransa sun sare kawunan mutum-mutumin sarakunan da ke fuskarta, tsohuwar hasumiyar tsakiya kuma an sauke ta tun ƙarshen ƙarni na 18. Shi da abokin aikinsa Lassus suka karɓi aikin a 1844, aka shafe shekara 20 ana yi. Ya tayar da sabuwar hasumiya ta katako lulluɓe da dalma, tsayinta mita 96. A gindinta ya jera mutum-mutumin manzannin Yesu 12 na tagulla, duk suna kallon birni, ban da Toma mai fuskar Viollet-le-Duc, wanda ya juya yana kallon hasumiyar. Wasu sun kira wannan girman kai. Ni ƙaunar aiki na gani.

Gaskiya ya wuce gona da iri a wasu wurare. A Carcassonne, can kudu, ya rufa hasumiyoyin ganuwa da baƙin dutse irin na arewa. To amma ganuwar da gwamnati ta kusa rushewa ce fa!

Da gobara ta cinye hasumiyar Notre-Dame ranar 15 ga Afrilu 2019, an yi ta kawo shawarwari, har da ta gina sabuwa da gilashi. Daga baya aka yanke a mayar da tasa yadda take. Zane-zanen da ya bari kafintoci suka bi, aka sake buɗe cocin a Disamba 2024.