Jadawalin da gwaggon biri ya yi wa gyara

Mako uku na kwashe ina tsara tafiyar nan a takarda, da rula da biro kala biyu. Daga Kano zuwa Gembu, can saman tsaunin Mambila a jihar Taraba, sama da kilomita 1,200 zuwa kawai. Mu shida ne a tsohuwar motata mai kujera bakwai: ni, uwargida, yara uku, da ƙanina da aka ɗauko don ya riƙa karɓa ta tuƙi, ashe ya fi ƙwarewa a barci. Shuɗin biro na tafiya ne, ja na tsayawa kallo, kuma kowace tsayawa na yanka mata mintocinta, har da "ɗaukar hoto, minti 7". Da na nuna wa uwargida, sai ta duba sama da ƙasa ta ce, "Malam, ina ka sa fitsarin yara?" Na ce mata masu babban tsari ba sa tsayawa kan ƙananan abubuwa.

Ta fannin mota dai ban yi wasa ba, ko in ce rabi na yi. An juye baƙin mai, an canza fambel, na sayi wani na ajiya. An duba lagireto da tiyoyinsa, an sa iska a safaya, na tabbatar akwai jak da abin kwance taya, na ƙara jarkar ruwa lita 20. Na duba shekarun tayoyi ta lambobi huɗun nan da ke jikinsu, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara, na tarar guda ta haura shida, na canza ta. Sai bakanike ya buɗe robar man birki, ya ga ya yi baƙi kamar shayin da ya kwana, ya ce, "Alhaji, yaushe rabon da a canza wannan?" Na ce tun da na sayi motar ban san ana canza shi ba. Ya ce duk shekara biyu ake yi. Na ce idan mun dawo. Ku riƙe wannan maganar, za mu sake haɗuwa da ita a kan gangara.

Jadawali ya ce a tashi ƙarfe 6:00. Mun bar gida tara saura kwata, bayan an koma ɗauko takalmin auta, an sake komawa ɗauko kular dambun nama.

Darasin farko na same shi tun kafin Ningi. Taswirar waya tana lissafin hanya ne kamar babu kowa a kanta. Ba ta san ranar kasuwa ba, ba ta san shingen bincike ba, ba ta san tirelar da za ka bi a baya minti goma ba. Kano zuwa Bauchi ta Wudil da Birnin Kudu kusan kilomita 300 ne, na ba shi awa uku da rabi, alhali da iyali a mota in ka samu kilomita 55 zuwa 60 a awa, tsaka-tsaki, ka gode Allah. Ita kuma tsayawa tana da nata harajin. Mutum shida su fito, su miƙe ƙafa, a zagaya, a sayi rake, a nemo wanda ya ɓace, a koma a zauna, minti ashirin ke nan ba a kalli komai ba tukuna. A Birnin Kudu na sa minti 20 don ganin tsofaffin zanen dabbobi da ke jikin duwatsu, irin su Dutsen Habude. Neman wanda zai nuna mana hanya kaɗai ya cinye wannan. Mun gani, abin ya burge ni, yara kuma suka ce su ma suna irin wannan a bangon ɗaki ana dukansu.

Sallah ce kaɗai ta taimaki jadawalina, don matafiyi na da rangwamen ƙasaru, azahar da la'asar raka'a bibbiyu. Ƙanina ya ce wannan ne kawai layin da malamai suka gyara mini.

Daga Bauchi ka bi hanyar Gombe zuwa Dindima, ka karya dama zuwa ƙofar Yankari a Mainamaji. Abin da ban sa a lissafi ba shi ne ƙofar ba ita ce masauki ba. Daga nan zuwa sansanin Wikki akwai kilomita arba'in da ɗoriya cikin daji, kuma ba wurin gudu ba ne, don dabba na iya tsallakowa. A Disamba wajen ƙarfe shida rana ta faɗi. Mun isa da duhu, an riga an wuce layi huɗu na jan biro.

Yankari daji ne mai murabba'in kilomita 2,244, an keɓe shi tun 1956, aka buɗe wa masu ziyara a 1962. Fita kallon dabbobi da sassafe ake yi ko da yamma, tare da ɗan rakiya, don da rana ta take dabbobin sun shige inuwa. Don hoto ya yi kyau, na saya wa kowa riga iri ɗaya, shuɗiya mai duhu. Da ɗan rakiyar ya gan mu mun jeru kamar 'yan ƙwallo, sai ya yi shiru, sannan ya ce, "Alhaji, babu wata rigar?" Ashe tsando ba abin da yake so kamar shuɗi da baƙi, har tarkon kama shi da waɗannan launuka ake yi. Kaki ko ruwan ƙasa ake sawa, mai dogon hannu kuma mai kauri, don cizonsa yana ratsa yadi marar nauyi. Awa biyu muka yi muna marin kanmu. Mun ga gwambaza, mun ga gadu da 'ya'yanta a guje wutsiya a tsaye, mun ga kashin giwa sabo har yana tururi. Giwar dai ba mu gan ta ba. Ɗan rakiya ya ce a Disamba ciyawa na da sauran tsayi, ruwa kuma bai ƙafe a cikin daji ba. Sai wajen Fabrairu zuwa Afrilu, lokacin da ƙishi ke koro dabbobi bakin kogin Gaji, ake ganinsu sosai. Auta ta ce a ɗauki hoton kashin, tunda shi muka samu.

Ruwan Wikki kuwa ya biya kuɗin tafiyar. Daga ƙarƙashin dutse yake ɓulɓulowa, garai-garai har kana ganin yashin ƙasa, kuma ɗuminsa digiri 31 ne dare da rana, rani da damina. Kusa da bakin dutsen zurfinsa ya kusa mita 2, don haka yara can ƙasa inda bai wuce gwiwa ba ake ajiye su, da babba a kusa. Na ba wankan minti 40. Awa uku muka yi, kuma ni ne na ƙarshen fitowa.

An gargaɗe mu tun isowa: a rufe ƙofa, a ɗage gilashin mota, kada a riƙe leda a hannu, kada a ba gwaggon biri komai. Birin wurin ya san leda, ya san kula, ya san murfin but. Na buɗe bayan mota don in ɗauko tawul, na juya in amsa sallama, kafin in waiwayo wani ƙato ya zauna a ciki kamar ya biya kuɗin kujera. Ya ɗauki kular dambu. Sannan, don Allah Ya nuna mini iyakata, ya haɗa da ledar da jadawalina ke ciki. Ya hau rufin ɗaki, ya buɗe takardar, ya juya ta, ya yage shafin farko ya saka a baki, ya tofar. Uwargida ta ce, "Ka gani, Malam, shi ma bai iya haɗiye shi ba."

Kashegari muka bi ta Alkaleri, Gombe, Kumo, Billiri zuwa Kaltungo. A nan duwatsu ke da kyau ƙwarai, kuma na tuna na sa "hawan dutse, minti 45". Muna fitowa da silifas wani dattijo mai sayar da gyaɗa ya dube mu ya ce, "Yaro, da wannan takalmin za ka shiga ciyawa?" Kaltungo ƙasar kububuwa ce, har asibitin masu saran maciji akwai a garin. Ya ce in za a hau, sai da takalmi rufaffe mai rufe idon sawu, da sanda, da ɗan gari a gaba, kuma ba a cusa hannu a ramin dutse. Muka kalli dutsen daga cikin mota, gilashi a rufe. Minti 4. Wannan ne kaɗai wurin da muka riga jadawali.

Numan, inda Gongola ke haɗuwa da Binuwai, mun tsallake gada muka wuce, muka kwana Jalingo. A nan na yi abu ɗaya na hankali, na cika tanki. Motata da kaya tana shan lita 12 a kilomita 100, tankin lita 70, wato a takarda kusan kilomita 580. Amma hawa yana ƙara sha, kuma bayan Bali gidajen mai sun yi nisa da juna, don haka dokar ita ce da allura ta kai rabi, ka ga mai, ka sha. Haka kuɗi a hannu, don akwai wuraren da waya ba ta da sabis balle tura kuɗi. Daga Jalingo ta Garba Chede, Bali, Serti, wuni guda ne cur, kuma ba hanyar dare ba ce. A Serti hedikwatar gandun Gashaka-Gumti take, mafi girma a Najeriya. Na so mu leƙa mu ga biran nan masu kama da mutane cikin awa guda. Aka yi mini bayani cikin ladabi cewa wannan aikin kwanaki ne, da mota mai jan ƙafa huɗu da tafiyar ƙasa da ɗan rakiya. Shi kuwa Chappal Waddi, dutse mafi tsayi a ƙasar nan, mita 2,419, wanda na rubuta "in lokaci ya ragu", ban ma ambace shi ba don kada a yi mini dariya da Fulatanci.

Daga Mayo Selbe ake fara hawa. Kwana bayan kwana, dutse a gefe guda, rami a ɗaya gefen, ƙanina ya farka a karon farko tun Kano ya kama salati. Motar ta riƙa nishi, na zata ta lalace. Ba ta lalace ba, iska ce ta yi ƙaranci: injin da ba shi da turbo, na'urar da ke tura masa ƙarin iska, yana rasa kusan kashi 3 cikin ɗari na ƙarfinsa a kowace mita 300, to a tsayin Mambila, kusan mita 1,600, ka yi asarar wajen kashi 16. Maganin shi ne a kashe na'urar sanyi, a sa giya ta biyu, a bar injin ya yi kuka, ido na kan allurar zafi. In ta haura, ka samu fili ka tsaya, kada ka kashe injin nan take, kuma kada ka kuskura ka buɗe murfin lagireto da zafinsa, ruwan zai yi tsalle ya wanke maka fuska. Horn kuma kafin kowace kwana, don masu saukowa ba su san da kai ba.

Muka kai sama. Na tara iyali a wurin da na yi mako uku ina mafarki, na ce su buɗe ido su ga ikon Allah. Hazo. Fari fat, ko tsaunin gabanmu ba a gani. Koren tuddan da na gani a hotuna na damina ne da ƙarshenta, wajen Oktoba. A ƙarshen Disamba ciyawa ta bushe, wani wurin an ƙone ta, hunturu ya lulluɓe sauran. Sai a nan na gane abin da na yi. Yankari na son tsakiyar rani, Mambila na son ƙarshen damina, ni kuma na zaɓi hutun makaranta, na faɗa tsakani: na yi wa giwa sammako, na yi wa ciyawa latti.

Sanyi kuwa bai yi latti ba. Mu da muka zo da rigunan ƙwallo, a Nguroje muka tsaya muka sayi rigunan sanyi na gwanjo, ni na samu wata mai hoton barewa da ta tsaya mini a cibiya. Gonar shayi ta Kakara ce ta fid da ni kunya, don ita kore take ko da rani, layi-layi a kan tudu. Shanu ga su nan ƙosassu, kindirmo kamar a yanka da wuƙa. A Gembu uwargida ta ɗora wake a ɗan risho, awa biyu yana nan kamar tsakuwa. A wannan tsayin ruwa na tafasa ne a wajen digiri 95, ba 100 ba, don haka girki na daɗewa. Na fara yi mata wannan bayanin, ta ce in ci bayanin da manja.

Ranar saukowa ce man birki ya tuna da ni. Na saki mota a giya babba, ƙafa a kan birki tun daga sama. Ba mu yi nisa ba wari ya tashi kamar ana ƙona roba, feda ta yi laushi, ta fara nutsewa. Abin da ke faruwa shi ne, taka birki ba hutu na sa faifai da takalmin birki su yi zafi, zafin ya kai ga man. Tsohon man birki ya riga ya tsotsi danshi, sai ruwan cikinsa ya tafasa ya zama tururi, tururi kuma matsuwa yake, ba ya tura komai. Na buga feda sau da yawa, na sauko giya ta biyu, sannan ta ɗaya, na ja birkin hannu a hankali, Allah Ya kawo wani ɗan fili muka tsaya. Wani direban Gembu ya tsaya, ya sunsuna tayar ya ce, "Baƙo ne ko?" Ya hana ni zuba ruwa, ya ce faifan zai lanƙwashe. A jira minti 40 ya huce. Sannan giyar da ka hau da ita, da ita za ka sauka, injin ya riƙe motar, birki kuma a taka da ƙarfi a saki, ba a kwantar da ƙafa a kai ba.

Muna zaune a bakin hanya muna jira, iska ta taso, hazon ya yaye. Kwarin gaba ɗaya ya buɗe a ƙarƙashinmu, tuddai bayan tuddai har inda ido ya ƙare, ga wani rafi yana walƙiya can ƙasa. Kowa ya yi tsit. Na laluba aljihu in ɗauki hoto, waya ta mutu tun Maisamari, cajar kuma tana cikin ledar da biri ya hau rufi da ita.

Auta ta ja rigar barewata ta ce, "Baba, wannan tsayawar minti nawa ka ba ta?"