Littafin Hajiya Kaka ya tona min asiri

Wallahi har yanzu in na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Kun dai san Hajiya Kaka, ba sai na yi bayani ba. Ranar Asabar muna fitar da kayan ɗakinta za a yi siminti, na ci karo da wani tsohon littafi a ƙasan adaka an ɗaure shi da tsumma, duk ajami, ni kuwa ajamina bai taka kara ya karya ba. Nan take na ɗau hoto na watsa a WhatsApp ɗin gida, wai ga tarihin kakarmu gobe kowa ya zo mu sha hikimar mutanen da. Har zoɓo na haɗa.

Kawu ya gyara tabarau ya fara. Da farko lafiya lau, shekarar da aka canja hannun mota, 1972 ke nan, ta rubuta ta hana mijinta Malam fita da keke kwana uku. Sai 1973 da aka bar fam da sule aka koma naira, wai ita ba ta yarda ba, da sule ta zuba adashi da sule za ta kwasa. Ina ta gyaɗa kai ina cewa kun gani, mu yau waya na faɗawa ruwa shikenan komai ya tafi.

Ashe gaba duk bashi ne da laifin mutane. Kawu ya juya shafi ya yi shiru, ya leƙo ni ta saman tabarau, sannan ya karanto a hankali kamar mai tafsiri: "Kishiyata ta jiƙa min katifa daren Alhamis, da safe ta ce mage ce." Na yi wuf na ce ai Kawu, Malam ya taɓa yin wata matar. Ya ce a'a ƴar nan ga sunanki nan ɓaro-ɓaro, har ta sa shekararki tara. Tara fa! Maigidana na zaune, surukata na zaune da kofin zoɓona a hannu, autana da na gama yi wa faɗan shimfiɗa da safen nan ya ɗago ya ce Umma ashe ke ma? Kawu kuma ya sake maimaitawa wai Hajiya ba ta ji ba, ita da ta rubuta da hannunta.

Amma wadda ta fi ƙona min rai Gwaggo ce, dariya har ɗankwali na zamewa tana dukan cinya tana kiran mage mage. Matar da kuɗin ankon bikin bara har yau ba ta ba ni ba, kullum sai ta ce ta tura netwok ne ya riƙe, wata goma sha ɗaya netwok na riƙe da dubu takwas. Kuma na ga Kawu ya haɗa shafi biyu ya tsallake, na rantse nata ne, don ita ke kai masa dambu duk Juma'a.

Hajiya dai ta ce katifar ba a biya ba, da ƙosan da na ci bashi, in je wajen mai POS na bakin layi in ciro. Ta karɓe littafinta ta mayar adaka ta datse da kwaɗo, ta aiki autana ya sayo mata sabon biro. Zoɓon ma ko kofi ɗaya ba su rage min ba.